Hannun hagu a kan tsohon faifai

Na daɗe ina sauraron faya-fayen farko na jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, da daddare, bayan gida ya yi shiru, saboda sai a irin wannan lokaci kunne ke iya ratsa ƙarar da ke lulluɓe da kiɗan, ƙarar da ta yi kama da yayyafi a kan kwanon rufi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne piyanon da ke can baya, da kuma tambayar da ba ta barina: wane ne ke kaɗa shi?

Tambayar tana da wuya, kuma yadda aka ɗauki kiɗan ne ya fara jawo wuyar. Kafin 1925 babu makirufo a ɗakin ɗauka. Makaɗa suna tsayawa gaban wani babban mazurari, sautin ya bi ta cikinsa ya girgiza allura, allurar kuma ta yi zane a kan kaki. Mai busa da ƙarfi sai a matsar da shi baya, piyano kuwa sau da yawa ƙasan muryarsa ba ya fitowa sosai. A watan Afrilun 1923, lokacin da ƙungiyar King Oliver ta shiga ɗakin kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiyana, ginin yana dab da layin dogo, har akan dakatar da aiki idan jirgin ƙasa zai wuce. A can aka fara ɗaukar busar Louis Armstrong, Lil Hardin kuma tana kan piyano. Waɗannan an san su, domin sun yi suna kuma sun rayu har sun ba da labarinsu da bakinsu.

Masu piyanon da ake kira barrelhouse ba su sami wannan gata ba. Sunan ya samo asali ne daga rumfunan shan barasa na sansanonin yankan katako a dazuzzukan kudancin Amurka, musamman gabashin Tekzas, inda ake zuba abin sha kai tsaye daga gangar barasa, wato barrel da Turanci. Leburori baƙaƙen fata suna taruwa a wurin bayan sun karɓi lada, piyanon tsoho ne, hayaniya ta cika ɗaki, makaɗin kuma shi kaɗai ne, dole ya sa mutane rawa har asuba. Saboda haka hannun hagu ya ɗauki aikin makaɗin ganga, yana maimaita bugu ɗaya ba fashi, hannun dama kuma yana zuba kalamai a kai. Daga wannan tushe salon boogie-woogie ya fito. Pinetop Smith ya ɗauki faifan da ya yaɗa wannan suna a Shikago a watan Disambar 1928, amma harsashi ya same shi a wani gidan rawa a watan Maris na 1929, ya rasu yana da shekara 24.

Kamfanoni ba su damu da rubuta sunan irin waɗannan mutane ba. Idan mace ta rera waƙa, sunanta ake bugawa a takardar tsakiyar faifai, a ƙasa kuma a ce an raka ta da piyano, shi ke nan. Wani lokaci makaɗin da kansa yake ɓoye sunansa, domin ya yi wa kamfanoni da dama aiki ba tare da an kama shi da saɓa yarjejeniya ba. Roosevelt Sykes ya fito a matsayin Dobby Bragg, ya fito a matsayin Willie Kelly, ya kuma fito da sunan Easy Papa Johnson, alhali mutum ɗaya ne. Kamfanin Paramount kuwa, wanda wani kamfanin kera kujeru na jihar Wiskonsin ya mallaka, ya daina ɗauka a 1932, kuma mafi yawan takardunsa sun salwanta, sai faya-fayen da aka yi da kaya marasa inganci suka rage. Wannan asara tana yi mini ciwo ƙwarai, domin waɗannan mutane sun bar aikin hannunsu a duniya, aka raba shi da sunansu.

Masu bincike, tun daga Bafaranshen nan Charles Delaunay wanda ya wallafa jerin faya-fayen jaz a 1936, suna bin lambar da aka zana kusa da tsakiyar kowane faifai. Idan lambobi biyu suna bin juna, alama ce an ɗauke su rana ɗaya a ɗaki ɗaya, kuma mai yiwuwa makaɗin da aka sani a na farko shi ne ya zauna a na biyu. Sun kuma tambayi tsofaffin makaɗa, ko da yake wanda ya yi ɗaruruwan ɗauka shekara talatin baya ba koyaushe yake tuna wanda ya zauna kusa da shi ba.

A ganina kunne ya fi kowace takarda amfani a nan, muddin an yi haƙuri da shi. Hannun hagu ba ya canza suna. Kowane makaɗi yana da yadda yake nauyaya bugu, da inda yake jinkirtawa, da ɗabi'ar da yake komawa gare ta ko bai sani ba. Jimmy Yancey ne misalin da nake yawan komawa gare shi. Ya shafe shekaru yana gyaran filin wasa na Comiskey Park a Shikago, bai ɗauki faifai ba sai 1939, bayan waɗanda suka koya daga gare shi, irin su Meade Lux Lewis da Albert Ammons, sun riga sun shahara. Hannunsa na hagu yana tafiya a hankali, da ɗan rausaya, kuma ko da wace murya ya fara kiɗa, yakan rufe shi da gajeriyar jimla guda a kan murya ɗaya tak. Ranar da na fara lura da haka na mayar da ƙarshen kiɗan sau biyar ko shida, sannan na ɗauko wani nasa na saurara har ƙarshe, na tarar da jimlar nan tana jirana a wurinta.