Godiya ga mutanen Madarunfa da duk wanda ya taimaka muna

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah fitar da munka yi da 'yan lakwal zuwa tafkin Madarunfa domin kallon tsuntsaye ta ƙare lafiya, mun dawo Maradi ba wanda ko ƙaya ta soka, kowane yaro ya koma hannun iyayenshi kafin magariba.

Iyayen da sunka yarda sunka ba mu 'ya'yansu tun da asuba cikin wannan sanyi na hunturu, mun gode. Alhajin da ya ba mu mota ya kuma zuba mai daga aljihunshi ya ce kar a faɗi sunanshi, to ba mu faɗa ba, Allah shi saka mishi da alheri. Mushen da ya aro muna madubin hangen nesa, da matan da sunka dama fura sunka aiko bakin tafki ba tare da mun roƙa ba, da jami'in gandun daji da ya yini da mu a ƙafa, Allah shi biya ku.

Amma godiyata mafi girma ga masunta take, musamman wani dattijo da ya ajiye komarshi ya ɗauki yara cikin jirgi kaɗan kaɗan. Wallahi baban nan ya fi littafin da munka je da shi sanin tafkin. Tun kafin mu ɗaga madubi zai ce ku saurara, kirinjijiya ce ke tafe, sai ga su garke guda suna fito, fuskokinsu farare. Shi ya nuna muna zalɓe tsaye cikin ciyawa bai ko motsi har sai da ya cafko kifi, ya nuna muna jinjimi da dinya, balbela kam ba a magana. Wata yarinya ta ce baba ina shamuwa, ya yi dariya ya ce 'yata ai yanzu ba lokacinta ba ne, sai bazara ta kawo jiki in kin gan ta ki ce ma babanki ya gyara gona. Kuma gaskiya ne, shamuwa kudancin Afirka take cin rani, su ko ƙananan agwagin daji da munka gani tun daga Turai sunka ƙetaro Sahara gudun sanyin can. Yaran sun kasa yarda ɗan tsuntsu haka zai yi wannan tafiya.

To a nan ne zuciyata ba ta yi daɗi ba, kuma sai na faɗa. Baba ya kai mu wani wuri ya kafa gorar tuƙi ya ce da can nan ruwa kan shanye mutum, yanzu iyakarshi gwiwa, yashi da laka ne ke gangarowa duk damina suna cike tafkin tunda itatuwan da ke riƙe ƙasa an sare su, ga gonaki sun matso har bakin ruwa. Manyan itatuwan da tsuntsaye ke kwana a kai sai kututture, leda ko ta ina, yara da danko suna harbi ba mai tsawata musu. Na tambaye shi gauraka, ya girgiza kai kawai.

Tafkin nan fa tun 2019 anka saka shi cikin jerin Ramsar, wato dausayin da duniya ta yarda suna da muhimmanci, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da anka san Madarunfa da su, mutane na zuwa ziyara daga nesa. Suna kam akwai shi, amma sunan bai hana yashi shiga ruwa ba. Ni a ganina duk wani aikin gyara da za a tsara, in ba a zauna da masunta da masu lambu da makiyaya tun farko ba wahalar banza ce, su ke kwana su tashi a wurin, su sunka san inda ruwa ke shigowa da inda tsuntsu ke ƙwai. Ba wai a kori kowa ba, mai lambu ma abincin iyalinshi yake nema, a dai ware gefe guda a bar ma ciyawa da itace, a hana sara. A Gadabeji ai an gwada, daji ne da anka keɓe tun 1955, kuma a 2018 har raƙuman dawa anka kai can daga Kure sun zauna, in an sa kai ana iyawa.

Mun yi ma baba alkawarin komawa farkon damina da dashen gawo da bagaruwa, shi da abokan sana'arshi za su nuna muna inda ya dace a dasa. Mai irin itace ko mai mota da zai iya taimakawa ya yi mini magana ta akwati. Hotuna kuma iyaye ku ƙara haƙuri, intanet ne ba ƙarfi, gobe in sha Allah zan tura ma kowa. Allah shi bar zumunci.