Tambulan ɗin baƙi

Uwargida ta ce in na ƙara shigo mata da kwalba ko tambulan guda ɗaya gidan nan to sai dai in kama musu haya. Tana kiran su "bola jarinka". Ban ga laifinta ba gaskiya, yanzu rabin shokes ɗin falo nawa ne, tangaran ɗinta na jere an matse su a gefe kamar 'yan gudun hijira.

Abin ya faro ne shekaru kaɗan da suka wuce, na je kasuwar Katako neman wani abu daban, sai na hangi wani tambulan a tarkacen wani dattijo mai gwanjo, mai jan rubutun Coca-Cola, ƙura ta rufe shi. Wallahi ƙafata ta ƙi gaba. Irin sa sak muke da shi a gidanmu a Gangare, guda shida a kabet ɗin Hajiyarmu, kuma duk yarintata ban taɓa shan ko ruwa da su ba, saboda na baƙi ne. In Kawu ya zo daga Bauchi sai a aike ni shago da kwalba biyu a hannu (in ba ka kai kwalba ba sai ka ajiye kuɗin kwalba, kuma mai shago ba ya mantuwa), in dawo da gudu a sanyin Jos ɗin nan, a goge tambulan a ɗora a tire, mu kuma mu laɓe bayan labule muna addu'ar Allah ya sa ya rage.

Yawanci yana ragewa, Allah ya jiƙansa.

Yaran yanzu ba za su gane ba, su lemo a roba yake, a sha a jefar a kwata. Mu a wurinmu lemon kwalba sai da dalili: Sallah, suna, biki, ko kana kwance ba lafiya a sayo maka 7Up wai ya buɗe maka baki. Kwalbar kanta dukiya ce, ana komawa da ita kamfani a wanke a sake cikawa, shi ya sa za ka ga tsohuwar kwalba da farin zobe a ƙugunta inda ta sha gogayya da 'yan uwanta. Wadda ba ta koma ba kuma ta zama ma'aunin kalanzir ko manja. Marfin ma ba ya asara, da shi muke buga ƙwallo a ƙasa, kowa da kulob ɗinsa na marafe.

Da na fara tarawa ne na shiga karance-karance. Ashe waccan kwalbar Coke mai ƙugu tun 1915 wani kamfanin gilashi mai suna Root ya zana ta a jihar Indiana ta Amurka, wai don a gane ta ko a duhu aka laluba, ko a fashe aka gan ta a ƙasa. Kuma sun yi nasara ai. A nan gida Nigerian Bottling Company, kamfanin da ke yin Coke, an kafa shi a 1951, 7Up kuma ya fara a Legas a 1960, shekarar 'yancin kai. Kenan iyayenmu ma sun taso sun tarar da abin.

Yanzu ina da tambulan na Coke, Fanta, Pepsi, Mirinda da Maltina, da kwalaben Krest da Limca da Gold Spot, waɗanda rabon da in gan su a shago har na manta. Wanda nake nema ido rufe shi ne Tandi Guarana, duk wanda ke da shi a ƙarƙashin gadon kakarsa don Allah ya tuna da ni.

Ba don kuɗi ba ne, kar wani ya zata. Na ga Turawa a intanet suna cinikin irin waɗannan da dala, ni kam nawa ko mai gwangwan sai ya yi min tayin wulaƙanci. Kuskure ɗaya da na yi wanda har yau yake ci min rai, na sa soson ƙarfe na dirje wani tambulan na Fanta, rabin rubutun ya bi ruwa. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi kawai, in datti ya kama cikin kwalba a zuba ɗanyar shinkafa kaɗan a girgiza.

A ƙaramar Sallar da ta wuce Hajiya ta zo mana yini. Na ɗauko wancan na Katako na zuba mata lemo, ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo, sai ta ce "Kai Babangida, wannan ai irin namu ne, ina ka samo?" Na ba ta labari. Tana cikin sha autana ya miƙo hannu zai ɗauki ɗaya a shokes, ban san lokacin da na daka masa tsawa na ce kai bari, na baƙi ne ba. Hajiya ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta rage masa rabi.