Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wayar Wa Za Ta Fara Ƙara?

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya sallame ni daga shagonsa na Bauchi, ya ce in tafi Gombe in nemi na kaina, tunda an yi sabuwar jiha a 1996 kuma ofisoshi sai tsirowa suke yi. Shekarun farko ba ni da abin faɗa a kansu, ban da jan waya a cikin silin da shan ƙura. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne aikin da na yi a 2004, a wani kamfanin hatsi da taki wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin mai shi ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa.

Kawu yana da wata magana da yake maimaita mana tun muna riƙe masa tsani. Yakan ce, “Kafin ka buɗe akwati, zauna a zaure ka ga mai amsa sallama a gidan.” A wurinsa akwatin rarraba waya, wanda mutane suka fi sani da intakom, zaure ne kawai: baƙo ya yi sallama daga waje, wani ya amsa, sannan a san ɗakin da za a kai shi. Na bi wannan magana. Kwana biyu na yi a kan benci a ofishin ban taɓa ko sukurdireba ba, ina kallon yadda wayar NITEL, kamfanin wayar gwamnati na lokacin, mai lambar gari 072, take ƙara a teburin Alhaji mai kamfanin hatsin, shi kuwa yana sito wajen awo, babu mai ƙarfin halin ɗauka.

Akwatin da na kawo na Panasonic ne, mai karɓar layin waje 3 da wayoyin cikin gida 8, daga lamba 101 zuwa 108. Ana saita shi ne daga wayar da ke jone a rami na farko, mai ɗan gilashin rubutu, kuma na ɗora ta a teburin sakatare, na mai da shi mai amsa sallama. Layi biyu na NITEL ne, na uku kuwa wata 'yar na'ura ce da ake sa mata sim, saboda tun zuwan wayar salula a 2001 yawancin dillalai daga Kumo da Dukku ta nan suke kira. Wanda zai kira waje ya danna 9, wanda yake son layin sim kai tsaye ya danna 83. Na tsara cewa idan kira ya shigo, wayar sakatare ce za ta fara ƙara, idan aka yi daƙiƙa 10 bai ɗauka ba ta akanta ta kama, sai can daga baya ta Alhaji. Wayoyin sito uku na haɗa su rukuni guda, ta yadda idan ɗaya tana kan magana kira zai tsallaka zuwa ta gaba. Da an tashi aiki kuma akwatin ya juya da kansa zuwa tsarin dare, komai ya koma ɗakin maigadi.

Da na bayyana wa Alhaji, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Yaro, a gidana wayar sakatare ce za ta riga tawa ƙara?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ko a gida ba maigida ne yake fita amsa sallama ba.” Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a bar shi haka. Maganar Kawu ce na ara, kuma ranar na ji kaina ya yi girma.

Sai dai akwai mutum ɗaya da ban gani ba a kwana biyun da na yi a kan bencin, wato ƙanin Alhaji, wanda suke kira Manaja, domin ya yi tafiya. Alhaji da bakinsa ya umarce ni da in taƙaita kiran waje, saboda takardar kuɗin waya ta fi ƙarfin hankali. Akwatin yana ba kowace waya aji: aji na ɗaya ba shi da shinge, sauran kuma sai ka rubuta musu lambobin da aka hana. Na bar wayar Alhaji kaɗai a aji na ɗaya. Akanta da Manaja na buɗe musu kiran wasu garuruwa, na rufe 009, wato ƙofar kiran ƙasashen waje. Masu sito kuwa duk lambar da ta fara da sifili ba za ta fita ba.

A nan ne wani aiki na baya-bayan nan yake faɗo mini a rai. Shekaru da yawa bayan haka na haɗa wa wani asibiti mai zaman kansa a Bauchi irin tsarin yanzu, wanda murya ke bi ta kebul ɗin kwamfuta, aka gina shi a kan manhajar Asterisk. Waya takan yi ƙara lafiya, a ɗauka, amma ɓangare ɗaya ne yake jin ɗaya, domin saƙon haɗa kira yana bi ta ƙofa mai lamba 5060, ita muryar kuma ta wasu ƙofofi dabam take bi, rawuta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da intanet, ta toshe su. Na buɗe su, na ware wa wayoyi hanyarsu a kan suwic, akwatin da kebul-kebul ɗin suke haɗuwa, na ba murya fifiko a kan sauran kaya don kada ta riƙa yankewa idan wani yana sauke bidiyo. Wuni ɗaya na gama. Amma tsara wanda za a fara kira da dare, likita ko babbar nas, mako uku muka yi ana ja-in-ja. Na tuna Kawu, na koma na zauna a benci.

Mu koma Gombe: bayan na rufe ƙofar, Manaja ya danna 009 ya ji waya ta yanke. Bai neme ni ba. Abin da ya yi shi ne ya je ya gaya wa Alhaji cewa akwatina yana cinye kira, wai wani babban mai saye daga Kano ya yi ta nema bai samu ba, har cinikin tirela biyu ya kuɓuce. Aka aiko a kira ni ranar wata Laraba bayan la'asar. Abin da Manaja bai sani ba shi ne akwatin yana rubuta kowane kira, ranarsa da lokacinsa da wayar da aka yi amfani da ita da lambar da aka kira da tsawon maganar, kuma tun farko na jona masa tsohuwar furinta a ƙarƙashin teburin akanta. Na yago takardar na miƙa da hannu biyu. A makon farko, kafin in rufe 009, waya mai lamba 103, wato ta Manaja, ta kira lambar da ta fara da 966, wato Saudiyya, kusan kowane dare, wani kiran ya haura minti arba'in.

Alhaji ya karanta a tsanake, ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba. Bai kalli ƙaninsa ba. Ni ya kalla ya ce, “Injiniya, aikinka bai nuna ba tukuna. Ka buɗe wa Manaja layinsa, sauran kuɗinka kuma sai mun ga yadda abin ya zauna.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” A gabansu na mai da 103 aji na ɗaya, hannuna yana rawa. Ragowar kuɗin ban sake jin labarinsa ba, kuma a garin aka ɗan jima ana cewa yaron nan na Bauchi akwatinsa yana cinye kira.

Da na je gida hutun Sallah na kwashe komai na gaya wa Kawu, ina jiran ya taya ni jin haushi. Yana gyaran wata tsohuwar waya mai juyi, bai ko ɗago ba. Ya ce, “Kwana nawa ka yi a zauren?” Na ce biyu. Ya ce, “Ka tambayi ko akwai wanda ya yi tafiya?” Na yi shiru, shi kuma ya miƙo mini hannu in ba shi filaya.