Arahar Bature ba tamu ba ce: abin da tikitin jirgin ruwa ya koya mini

Ofishinmu na Umara ne da tikitin jirgin sama. Na yi shekaru ina yanka wa mutane tikitin Jidda da Alkahira da Dubai, ban taɓa kawo wa raina wani zai shigo ya ce shi a kan teku yake son yin hutu ba. Sai ga wani Alhaji, tsohon abokin cinikin maigidana, ya zo da hoton wani ƙaton jirgin ruwa a wayarsa, irin mai hawa goma sha wani abu ɗin nan, ya ce nan yake son kai Hajiya da yara biyu su yi mako guda. Maigida ya waiwayo ya ce, "Kai ne ɗan intanet, duba wa Alhaji."

Na duba kuwa, kuma abin da na gani ya ruɗe ni. Akwai jirgin da zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen nan da mako biyar, ya bi ta Marsey a Faransa, ya tsaya a Italiya, ya dawo. Kuɗin ɗaki ya faɗi warwas idan aka kwatanta da na tafiyar da ta rage wata shida. Na ruga na ce, "Ranka ya daɗe, ga tsuntu daga sama gasasshe." Alhaji ya biya duka nan take, domin idan tafiya ta matso haka ba a karɓar kafin alƙalami.

Ranar ganawa ta neman biza ce ba mu samu a kan lokaci ba. Jirgi ya tashi fasfo ɗin mutum huɗu na cikin durowata. Abin da aka dawo mana da shi bai wuce kuɗin haraji da na tashoshi ba. Alhaji bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai yaro, haka Allah ya so," kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na zauna na fahimci dalilin faɗuwar farashin. Kamfanonin jiragen suna sa wa'adin biyan cikon kuɗi, yawanci kwana 75 zuwa 90 kafin tashi. Da wa'adin ya wuce sai su san ɗakuna nawa ne suka rage babu kowa, su karya musu kuɗi, don ɗakin da ya tafi fanko ba ya sayen abin sha, ba ya biyan yawon gari. To amma wa aka karya wa? Mutumin Sifen da zai hau jirgin ƙasa ya je Basalona da katin shaidarsa. Mai koren fasfo da ke Kano sai ya nemi bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, sai ya jira ranar ganawa, sannan ya sayi tikitin jirgin sama a ƙurarren lokaci da tsadarsa. Dokar Shengen ta yarda a shigar da takardu tun saura wata shida. Yanzu daga nan nake fara lissafi, in komo baya.

Akwai wani tarkon a cikin bizar kanta. Ba ƙasar da za a hau jirgi kaɗai ake dubawa ba, sai an bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan jirgi zai leƙa Tunis, ko Kotor ta ƙasar Montenegro, ko wata tashar Turkiyya, to ya fita daga yankin Shengen ke nan, kuma komowarsa shiga ta biyu ce. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya tsayar da shi tun a bakin jirgi ranar farko. Shi ya sa ga sabon matafiyi na fi son zagayen da bai wuce Sifen, Faransa, Italiya da Malta ba, ko da akwai wanda ya fi shi araha.

Darasi na biyu naira ce ta koya mini shi, ba teku ba. Turawa suna da lokacin garabasa daga Janairu zuwa Maris, inda kamfanoni ke rage kafin alƙalami, su ƙara kyaututtuka, wani lokaci yara su kwana kyauta a ɗakin iyayensu. Shawarar da ake ba Ba'amurke ita ce ya ajiye ɗan kaɗan, ya riƙe sauran kuɗinsa har wa'adi. Mai albashi da dala wannan daidai ne a gare shi. Mu kuwa mun ga yadda dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canjin Wapa a farkon Yunin 2023, kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da kafin alƙalami ya bar ciko a naira, farashin jirgi bai motsa ba amma bashinsa ya ninka. Tun daga lokacin nake ce wa mai tafiya, ranar da ka yanke shawara ka sayi dalar cikon ka ajiye. Biyan kamfani kuma kada ka yi gaggawarsa sai ka karanta sharaɗin fasa tafiya, domin kafin alƙalami iri biyu ne, akwai wanda ake mayarwa, akwai mai rahusa da ba a mayarwa. Wanda bizarsa ba ta fito ba, na farkon ne nasa.

Sai kuma lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla. Kuɗin mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya kusan na biyu. Ɗakin kuma na can ciki ne, babu ko taga. A kan wannan za a ɗora tukuicin ma'aikata, wanda a manyan kamfanonin Amurka yake kaiwa dala 15 zuwa 20 a kan kowane mutum kullum. Iyali mai mutum huɗu, kwana bakwai, ka ga an doshi dala 500 ba a ci komai ba. Ga intanet, ga motar yawon gari a kowace tasha, ga otal na kwana ɗaya, don ban ƙara yarda mutumina ya sauka a garin ranar da jirgi zai tashi ba. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya ɗan dakata.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kyautar abin sha. Sau da yawa za ka ga farashi biyu, ɗaya zalla, ɗaya an haɗa da "sha iya shanka". Tsadar na biyun giya ce ta kawo ta. Alhaji da Hajiya da ba su wuce shayi da lemo ba, me za su yi da ita? A ɗauki farashi zalla, in ana so a sayi tsarin lemo daban. Batun ɗaki kuma ra'ayina ya sauya. Da ina ganin baranda almubazzaranci ne, amma na lura matanmu da yawa ba sa sakewa a bakin wurin ninkaya inda kowa ke kwance rabi tsirara. Barandar ita ce tsakar gidansu, nan za su sha iska ba mayafi. A zagayen da kullum ana gari kuwa, ɗaki na kwana ne kawai, na ciki ma ya isa.

Lokutan shekara ba su da wuyar ganewa. Bahar Rum ta fi tsada da cunkoso a Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantun Turai, wanda kuma ya zo daidai da dogon hutun yaranmu. Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin rana. Yankin Karibiyan yana araha a Satumba da Oktoba saboda tsakiyar lokacin guguwa ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma kyaftin na iya sauya tasha ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Akwai kuma jiragen da ke ƙaura tsakanin Amurka da Turai a Afrilu da wajen Nuwamba, kusan mako biyu a ruwa da kuɗi kaɗan. Ban taɓa sayar wa kowa ba: biza biyu, tikitin sama biyu masu zuwa kawai, arahar ta zube a hanya.

Wanda ya fi dacewa da mutanenmu, a ganina, shi ne na ƙasashen Larabawa a lokacin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Maris: Dubai, Abu Dabi, Doha, wani lokaci Maskat. Naman halal ba abin roƙo ba ne a tashoshin, masallaci kuma ko'ina. Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca, har na fara tunanin haɗa wa mutane shi da Umara. Sai dai a duba kalanda biyu, domin azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan cikin wannan kakar yake faɗowa. Ba wanda zai biya kuɗin abincin dare da rana ya wuni yana kallonsa. A kuma saurari labarai, don hare-haren Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da dama soke bi ta can.

Alhajin nan ya dawo bayan shekara guda, abin da ban zata ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur da hoton wani jirgin. Ban taɓa ta ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni fasfo ɗin kowa tukuna in ga ko akwai wanda bai kai wata shida ba." Na Hajiya saura wata huɗu ya mutu. Daga ofishin fasfo muka fara, muka sa tafiyar a Oktoba.