Wasiƙa daga Oregon: Yadda kuɗin talabijin ya sake taswirar wasannin jami'o'in Amurka

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace in ba ku labarin wani al'amari da ya girgiza jami'o'in Amurka a 'yan shekarun nan, wanda ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a gida ba, alhali ya shafi 'ya'yanmu da ke zuwa nan karatu ta hanyar tallafin wasanni.

A wannan ƙasa, wasannin jami'a babbar harka ce ta kuɗi, musamman ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ake rungume ƙwallo a ruga da ita kamar zari-ruga. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar fiye da mutum 107,000, kuma yakan cika maƙil domin kallon ɗalibai. Tun fiye da shekara ɗari jami'o'in suka fara rarrabuwa ƙawance-ƙawance bisa maƙwabtaka, kowane ƙawance da gasarsa: Big Ten a tsakiyar arewa, SEC a kudu maso gabas, ACC a gaɓar Tekun Atlantika, Big 12 a tsakiyar ƙasa, sai Pac-12 a nan yammaci. Kowane ƙawance yakan sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsa a dunƙule, sannan a raba wa jami'o'in kuɗin, kuma daga wannan rabo ne ake biyan masu horarwa, ake gina filaye, ake ɗaukar nauyin ninƙaya da ƙwallon raga da guje-guje da sauran wasannin da ba sa kawo ko sisi.

Mafarin abin shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1984. Kafin wannan shekara, hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ita ce ke riƙe da haƙƙin nuna wasannin ƙwallo baki ɗaya, kuma ita ke ƙayyade sau nawa za a ga kowace jami'a a talabijin. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara cewa ta yi babakere a kasuwa, kotu kuma ta ba su gaskiya. Daga ranar kowa ya samu damar kai hajarsa kasuwa. A 1990 Jami'ar Notre Dame ta ƙulla yarjejeniyar ƙashin kanta da gidan talabijin na NBC, ba da jimawa ba Penn State ta shiga Big Ten, SEC kuma ta ɗauki Arkansas da South Carolina. A 1996 ƙawancen Southwest ya mutu murus, aka bar wasu jami'o'insa a tutar babu. Cikinsu har da Jami'ar Houston, inda Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya yi tashe a ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980, kuma ba ta sake samun gurbi a cikin manya ba sai a 2023.

Abin da ya fi kyau mai karatu ya fahimta shi ne yadda ake lissafin, domin a nan ne duk rikicin yake. A 2007 ƙawancen Big Ten ya buɗe tashar talabijin tasa tare da kamfanin Fox. Kamfanonin da ke kai wa gidaje tashoshi suna biyan tashar wani abu a kan kowane gida kowane wata, ko mutanen gidan suna kallon ƙwallo ko ba sa kallo, kuma kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba idan gidan yana yankin da ƙawancen ke da jami'a. Saboda haka darajar jami'a ta koma kan yawan gidajen da ke kewaye da ita. Wannan ne ya sa a 2014 Big Ten ya ɗauki Rutgers ta jihar New Jersey da Maryland, ba domin sun iya ƙwallo ba (Rutgers ta sha kashi shekara da shekaru bayan shigarta), sai domin sun buɗe masa ƙofar birnin New York da birnin Washington. Daga baya, da mutane suka fara barin waɗannan tashoshi suna komawa kallo ta intanet, lissafin ya ɗan sauya. Wasa na cikin 'yan abubuwan da har yanzu jama'a ke zama su kalla kai tsaye tare da tallace-tallace, don haka gidajen talabijin suka daina damuwa da inda jami'a take, suka koma neman manyan sunaye waɗanda idan suka kara miliyoyin mutane za su kunna akwati.

A watan Yuli na 2021 labari ya fito cewa Texas da Oklahoma za su bar Big 12 su koma SEC, wanda ya riga ya ƙulla sabuwar yarjejeniyar shekara 10 da tashar wasanni ta ESPN kan kimanin dala biliyan 3. Ranar 30 ga Yuni, 2022, jami'o'in USC da UCLA, duka a birnin Los Angeles, suka sanar cewa za su fice daga Pac-12 zuwa Big Ten. Ba a yi wata biyu ba Big Ten ya sa hannu da Fox da CBS da NBC kan fiye da dala biliyan 7 a shekara 7, tare da tsarin da ya raba ranar Asabar gida uku: Fox da tsakar rana, CBS da yamma, NBC da dare.

Daga nan ne Pac-12 ya fara tangal-tangal, kuma a ganina ciwon nasa ya daɗe a jiki. Tasharsa da ya buɗe a 2012 ya riƙe ta shi kaɗai ba tare da wani babban gidan talabijin ba, kuma har ta mutu ba ta taɓa shiga DirecTV ba, babban kamfanin da ke kai wa gidaje tashoshi ta tauraron ɗan'adam. Ga kuma matsalar agogo, domin wasan da aka fara a nan da ƙarfe bakwai da rabi na dare, a gabashin ƙasar inda jama'a suka fi yawa ƙarfe goma da rabi ke nan, mutane sun kwanta. Bayan ficewar jami'o'in Los Angeles, shugabannin sauran jami'o'in sun tsaya kai da fata cewa hajarsu ta fi abin da ake tayawa. Suna cikin jan ciniki, sabon kwamishinan Big 12, Brett Yormark, ya yi musu shigar sauri ya sabunta kwantiraginsa da ESPN da Fox a watan Oktoba na 2022, inda kowace jami'a za ta samu kusan dala miliyan 32 a shekara. Da Pac-12 ya waiwayo, masu saye sun gama cefane. Abin da kwamishinansa George Kliavkoff ya iya kawowa a ƙarshe shi ne tayin kamfanin Apple, wanda kuɗinsa bai kai na Big 12 ba, sai idan an samu ɗimbin masu biyan kuɗin kallo ta intanet. Colorado ta riga kowa ficewa a ƙarshen Yuli na 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, Oregon da Washington suka tafi Big Ten bisa amincewa da rabo wanda bai kai na tsofaffin 'yan ƙawancen ba, kafin dare ya raba kuma Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Ranar 1 ga Satumba, Stanford da California, waɗanda ke gaɓar Tekun Pasifik, suka shiga ACC, ƙawancen da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Jami'ar SMU ta birnin Dallas ta bi su, bayan ta yarda ta yafe rabonta na talabijin na tsawon shekara 9, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin.

Pac-12, ƙawancen da aka aza harsashinsa a birnin Portland a 1915, ya tashi daga jami'a 12 ya koma 2, wato Oregon State da Washington State. Wani abin takaici shi ne kakar ƙarshe ta kasance cikin mafi kyawu da ya taɓa yi, har Washington ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024, inda Michigan ta doke ta. Bayan 'yan watanni Washington da Michigan suka zama 'yan ƙawance ɗaya.

Ina zaune ba nisa da Corvallis, ƙaramin garin da Oregon State take. Ranar Asabar ɗin da za a yi wasa, tun da hantsi ake jera motoci a wuraren ajiya, a buɗe bayansu, a kafa rumfuna, a hura gawayi ana gasa nama, tsoho da jikansa duk sanye da riga mai ruwan lemo da baƙi. Masu otal da gidajen abinci suna ƙirga irin waɗannan ranaku guda shida ko bakwai a cikin lissafin shekararsu. A 2023, daidai lokacin da ƙawancen ke rushewa, jami'ar ta kammala gyaran filinta kan fiye da dala miliyan 160, da tsammanin manyan baƙi za su ci gaba da zuwa. Maƙwabcina, wanda ya daɗe yana sayen tikitin kaka guda, bai taɓa yi mini ƙorafin kuɗi ba. Abin da ke damunsa shi ne jami'o'in da mahaifinsa ya riƙa kai shi kallo tun yana yaro ba za su ƙara zuwa a kai a kai ba. Oregon State da Washington State sun je kotu sun karɓe iko da sunan ƙawancen da dukiyarsa, sun kuma gayyato Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State da Gonzaga domin a fara sabuwar tafiya a 2026, sai dai babu mai tsammanin rabonsu zai kusanci na da.

Waɗanda suka tafi ma ba su tsira ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidan talabijin ne yanzu ke faɗin ranar wasa da sa'arsa. Daga Los Angeles zuwa Rutgers kusan kilomita 3,900 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin agogo na awa 3. 'Yan ƙwallon ƙafar Amurka ba su cika jin jiki ba, tunda wasa 12 suke yi a kaka, galibi ranar Asabar, a jirgin shata. Wahalar tana kan yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko ƙwallon kwando, wadda za ta yi wasa a tsakiyar mako a ɗaya ƙarshen ƙasar, ta sauka daga jirgi da asuba, ta wuce aji da jarrabawa a gabanta. Ba a tambaye ta ba lokacin da ake ciniki, kuma wasanta ba shi ne ya kawo kuɗin ba.

Da kuɗin suka kai haka, maganar cewa 'yan wasan ɗalibai ne kawai masu wasa don sha'awa ta daina karɓuwa. Daga 1 ga Yuli, 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu. A watan Yuni na 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da aka yi a ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wadda ake kira House, wanda a ciki za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kimanin dala biliyan 2.8, kowace jami'a kuma za ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan adalci ne da ya yi jinkiri, ba na jayayya da shi. Sai dai mafi yawan kuɗin ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando na maza ke lashewa, kuma jami'ar da rabonta na talabijin ya ragu dole ta nemi inda za ta datse. A cikin watan Yunin 2025 ɗin, Washington State ta sanar cewa ta soke tsalle-tsalle da jefe-jefe daga shirinta, za ta mai da hankali kan gudun dogon zango.

A nan ne abin ya iso ƙofarmu. Guje-guje da tsalle-tsalle su ne babbar hanyar da matasan Najeriya ke bi su samu karatu a Amurka: Blessing Okagbare da Tobi Amusan ta jami'ar UTEP suka bi, Divine Oduduru ta Texas Tech, Favour Ofili ta LSU. Irin waɗannan gurabe da rarar kuɗin ƙwallon ƙafa ake biyan su. Bugu da ƙari, ɗalibin da ya zo da bizar karatu doka ta taƙaita masa aikin samun kuɗi a cikin ƙasar, don haka kuɗin tallar da abokan wasansa ke karɓa shi yana da wuya ya taɓa su ba tare da ya jefa bizarsa cikin haɗari ba.

Ra'ayina shi ne a cire ƙwallon ƙafa daban, ya yi gasarsa ta ƙasa baki ɗaya da kwantiraginsa, a bar sauran wasanni su koma karawa da maƙwabta a tafiyar mota. Chip Kelly ya faɗi makamancin haka a ƙarshen 2023 lokacin yana kocin UCLA. Ban ga alamar za a yi hakan nan kusa ba, domin Big Ten mai jami'a 18 da SEC mai 16 su ne ke cin moriyar tsarin, kuma su ke da kaso mafi tsoka a sabon kwantiragin wasannin fitar da zakara na ƙasa, wanda ESPN za ta riƙa biyan kimanin dala biliyan 1.3 a shekara daga 2026. Florida State da Clemson sun riga sun kai ACC ƙara suna neman hanyar fita daga yarjejeniyar da ta ɗaure su har 2036, aka yi sulhu a Maris na 2025 kan cewa wanda aka fi kallo zai fi samun rabo, kuɗin ficewa kuma zai riƙa raguwa. Kwantiragin Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 kuma a 2031, wato a cikin shekarun karatun yaran da ke sakandare a yau.

Don haka duk uban da aka kawo wa ɗansa ko 'yarsa takardar tallafin wasanni daga nan, ya tambaya wane ƙawance jami'ar take, yaushe kwantiraginsa na talabijin zai ƙare, tallafin na shekara guda ne da ake sabuntawa ko na dukan shekarun karatu, kuma me takardar ta ce idan jami'ar ta soke wasan kafin yaron ya kammala digiri. A nemi amsar a rubuce kafin a sa hannu.

Ina gaida kowa da kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naku,
Ɗan'uwanku a jihar Oregon, Amurka