Kawu, mai jiran kwana 28

Jiya aka yi addu'ar arba'in ta Kawu a gidansa da ke nan Tawa. Bayan jama'a sun watse an naɗe tabarmi, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wata tsohuwar jakar fata cike da littattafan rubutu, ta ce, "Ɗana, karɓi, kai ne za ka gane abin da ke ciki." Na kwana ina buɗa su, shi ya sa yau na kasa yin shiru. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma injiniya ne mai bincike a fannin masana'antu. Mafi yawan shekarun aikinsa ya yi su ne a ɗakin gwaje-gwaje na masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take aiki tun shekarun 1960 a kan babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa. Mutanen unguwa sun ɗauka duk injiniya gini yake yi, har wasu kan tambaye shi inda gadar da ya gina take. Sai ya yi murmushi ya ce shi aikinsa yana cikin buhu, ba a ganinsa sai ranar da bango ya tsaya ko ya faɗi.

Shi ne ya fara bayyana mini yadda dutse yake zama siminti. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da yumɓu, a niƙa, sannan a zuba a cikin wani dogon tanderu mai juyawa wanda zafinsa yake kaiwa wajen digiri 1450. Abin da ya fito, ƙwallaye ne masu tauri da ake kira kilinka, waɗanda za a sake niƙawa tare da ɗan jips, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da talakawan Adar suke tonowa su sayar. Jips ɗin ne yake hana siminti daskarewa nan take a hannun magini, saboda haka idan ya yi kaɗan an yi asara, idan kuma ya yi yawa ginin zai samu matsala daga baya. Wannan ɗan tsakanin shi ne filin Kawu. Yakan kwaɓa kashi ɗaya na siminti da kashi uku na yashi da rabin kashi na ruwa, ya zuba a ƙananan mazubai masu tsawon santimita 16, ya ajiye sandunan cikin ruwa, sannan ya matse su da na'ura har su fashe: wasu a kwana na 2, wasu a na 7, sauran a na 28. Lambar kwana na 28 ce kaɗai yake yarda ya sa hannu a kanta da natsuwa.

A littattafansa na shekarar 1994 rubutun ya fi na ko'ina yawa. A watan Janairu na shekarar ne aka rage darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka kuɗi. Shafi bayan shafi yana gwada yumɓu da jips na wurare daban-daban, yana neman abin da ƙasarmu za ta iya bayarwa da kanta. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen ba su yi nasara ba, amma bai yage ko shafi ɗaya ba. A ganina, a nan ne amanar mai bincike take, domin wanda ya ɓoye gwajin da ya lalace ya tilasta wa na bayansa maimaita wahala.

Duk da haka, ba siminti ne ya sa na kwana ina hawaye ba. A bayan kowane littafi, inda ya kamata a ce shafukan ba kowa, akwai wani lissafi dabam: kuɗin makarantar ƴaƴansa da na ƴan'uwana, ranar rigakafin wance, takalmin Sallah na wane, buhun gero da aka aika ƙauye. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara tara, Kawu ya kwashe mu mu uku ya haɗa da nasa, kuma ban taɓa jin ya bambanta mu ko da a kwanon tuwo ba. Iyalin suna Tawa saboda karatun yara, shi yana Malbaza, amma duk ƙarshen mako sai ya biyo ta Tsarnawa da Badagishiri ya iso gida, wani lokaci da albasar Galmi a bayan mota, ƙura ta rufe masa gira.

Shekarar da na faɗi jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, na ƙi cin abinci, na shige ɗaki ina jiran faɗa. Wasu dangi har sun fara cewa a kai ni kasuwa in koyi tireda. Kawu ya zauna a bakin gadona, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗana, ba a yanke wa siminti hukunci a kwana biyu. Tashi ka ci tuwo." Washegari ya sake biya mini kuɗin makaranta. Haka kuma ya tsaya wa babbar ƴarsa lokacin da aka matsa masa ya aurar da ita kafin ta gama lise. Ya karɓi dattawa da girmamawa, ya ba su goro, ya roƙe su haƙuri har ta kammala.

Bayan ya yi ritaya ne na fara ginin gidana, cikin zafin watan Afrilu. Ya zo ya tarar magini yana neman fitar da bulo da yawa daga buhu ɗaya mai kilo 50. Bai ɗaga murya ba, sai ya ɗauki bulo guda ya murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo. Magini ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, za a gyara." Tun daga ranar, kullum bayan sallar Asuba sai Kawu ya zo da bokiti yana yayyafa wa bulo ruwa, yana gaya mini cewa siminti ba bushewa yake yi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi, kuma ranar Tawa tana shanye ruwan kafin ya gama aikinsa.

Littafin ƙarshe babu lambar siminti ko ɗaya a cikinsa. Awon sukarin Inna ne, safe da yamma, da lokacin shan maganinta, cikin irin layukan da yake ja da rula tun yana ɗakin gwaji. Rubutun ya tsaya ne ranar wata Talata da safe, kwana uku kafin rasuwarsa. Yau da na je gaishe ta, na ɗauki na'urar awon na ci gaba daga layin da ya bari, ita kuwa ta miƙo yatsanta ba ta ce komai ba.