Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙararrawar Caja

Makon jiya na tsaya a zuwana Gombe wajen Kawu, wanda na ga aikin cajar batir a hannunsa. Allah ya jiƙansa, maganarsa ɗaya ce a bakin caja: "Ƙararrawar da ta yi kuka bayan batir ya mutu, sanarwar jana'iza ce."

Ƙararrawar nan ita ke kuka in wutar batir ta sauka. A layin 48V sel 24 ne, wato ƙananan batira da aka jera, kowane 2V. Caja na riƙe su a 2.25V kowane sel, wato 54V. Sel ya sauka 1.75V, ka kai 42V, batir ya ƙare ke nan. To ƙararrawa tsakani za ta zauna, wajen 46V, yadda in an ɗauke wuta za a samu sararin tada janareta. Ka ɗora ta kusa da 54V, kullum tana ihu. Ka kai ta 42V, jana'izar da Kawu ke faɗa ta zo.

Abin da aka yi mana ke nan shekaru bayan rasuwarsa. Wani ya gaji da ƙarar, ya murɗe saitin har ƙasa, batira suka tafi a banza, aka ce aikina ne. Har yau abin na ci mini rai.

Ga yadda ake saita ta. Kafin ka taɓa komai, cire agogo da zobe. Kar ka yarda da mitar jikin caja, ɗora taka a kan batir ka gwada su. Sannan ka cire wayar da katin ƙararrawa ke jin wuta da ita, ka naɗe bakinta da tef, ka ba katin wuta daga na'urar da ake iya ƙara wutarta ko a rage, ka tsayar a 46V. Da sukundireba mai rufin roba za ka juya ɗan sukurun saitin, kwatan zagaye a lokaci guda, kana dakatawa, domin yawancin katunan suna jinkirta daƙiƙoƙi kafin rile, makunnin da ke tada ƙararrawar, ya buga. Masu gaggawa a nan suke wuce wurin. Fitilar ƙararrawa ta kama, ka ɗaga wutar a hankali. Ya kamata ta saki bayan an haura da 1V zuwa 2V. In ratar ta yi kaɗan, rile zai yi ta karkarwa.

Kawu sai ya maimaita sau uku, ya mayar da waya, ya kashe caja ya jira da kunnensa. Zafin Afrilu a Gombe kan sa batir ya tsufa da wuri, don haka kafin bazara yake sake gwadawa, ya rubuta adadin a bayan ƙofar caja.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai komawata Bauchi.